Yadda Muka Bi Ayarmu Har Shagamu

Tun ranar da muka dawo ban sha shayi da zafinsa ba. Da na kai kofi baki sai wani ya dafa ni: "Lawali, wai da gaske ne har gemun Kawu Bawa aka sa wa hula?" Kafin in kai rabi wani ya iso, a ce in koma farko. Shekaranjiya a bakin tabki wani mai kifi ya riƙe mini karfasa, ya ce ba ya sakinta sai ya ji abin da muka gani a Kudu. Ni kuwa bakina ya gaji. Zan faɗa sau ɗaya daga tushe, wanda ya makara ya tambayi na kusa da shi.

Kowa ya san bayan hatsi, aya ce rufin asirinmu a nan Madarumfa. Muna da koferatif, wato ƙungiyar manoman aya, ni ke riƙe da makullin mangaza, ɗakin da muke tara amfanin. Bara waccan wata mata ta zo mana, Hajiya Risikatu. Bayarabiya ce, amma a Maraɗi aka yanke mata cibiya, iyayenta suna sayar da kwanoni a kasuwa, Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta ce tana so ta kafa izin a garinmu, inda za a riƙa markaɗa aya ana ɗura madararta a kwalba. Ta ce mu ta fara tunawa, don ruwan ƙasar nan ta sha ta girma.

Mun yi mata tarbar da ba mu taɓa yi wa kowa ba: raguna, makaɗa, rumfa, lasifikar haya. Aka kai ta wani fili mai kyau a gefen hanya, ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "Filin nan na wane ne?" Hannu huɗu suka tashi. A ciki har da na Kawu Bawa, ƙanen mahaifiyata, Bagobiri mai zane har bayan kunne, wanda ya rantse a gaban baƙuwa cewa ubansa ne ya sare ƙayar wurin. Wani Bafulatani da ke wucewa da shanu ya tsaya ya ce su duka mafarki suke, burtali ne. Ta ce to, takardun kafa izin fa, a ina ake samu? Ni na ce a meri, wajen magajin gari. Shugabanmu Alhaji Mamman ya ce a Maraɗi. Wani ya ce sai an dangana da Yamai. Kawu ya ce ba ta bukatar takarda, maganarsa ta isa. Da aka koma rumfa don jawabi, kuran, wato lantarki, ya ɗauke, lasifika ta yi shiru, Alhaji Mamman bai lura ba, ya ci gaba da motsa baki yana nuna sama.

Ta ci nama, ta yi godiya, ta shiga mota. Sai labari muka ji daga baya: ta kafa izin ɗinta can jihar Ogun a Najeriya, ƙasar da ba a san ta da noman aya ba. Abin da ya fi ci mana rai shi ne har gobe ayarmu take saye, amma ta hannun dillalan Kano.

Aka yi taro a gindin itacen bedi. Alhaji Mamman ya ce, "Jama'a, mi ke gare su da ba mu da shi?"

Kawu ya ce, "Asiri na. Na san Yarabawa, bayina ne. Wani abu sunka binne a ƙasa mai jan masu kuɗi."

Kun dai san wasan Bagobiri da Bayarabe, kowa na cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa. Amma Kawu ba da wasa yake ba a kan maganar binne abu. Taro ya yanke a aika mutum ya gano da idonsa. Aka zaɓe ni don na taɓa zuwa Kano. Kawu kuwa shi ya zaɓi kansa, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin cire shi.

Muka tashi bayan an gama cirar aya. Ni da jaka ɗaya. Kawu da buzun salla, da goran fura, da buhu babu komai a ciki, ya ninke ya ɗaure a ƙugu. Na ce, "Kawu, buhun fa?" Ya ce, "Abin da zan sa ciki can shike." Taksi ta kwashe mu zuwa Dan Isa, bakin iyaka, mu tara da ɗan akuya, ni a kan cinyar wani mai sayar da kaji.

A gefenmu ba a tsaya dogon zance ba, aka duba katinmu muka wuce. Da muka shiga gefen Najeriya, wani jami'i mai fara'a, Bakatsine, ya ce, "Baba, ina zuwa?"

Kawu ya ce, "Za mu ganin izin."

"Izinin wa?"

"Na wata mata."

Jami'in ya dube ni, ya dubi Kawu da furfurarsa. "Baba, a shekarunka sai ka nemi izinin mace kafin ka yi tafiya?"

Kawu ya fusata. "Ni? Izin nac ce maka! Izin mai hayaƙi, mai inji!"

Sai da wani direba ya sa baki ya ce kamfani suke nufi, haka mutanen Faransa ke cewa. Jami'in ya yi dariya har ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa. Tun daga nan na daina cewa izin a Najeriya, na koma kamfani. Kawu dai bai sauya ba har muka dawo, ya ce ba shi ne zai gyara baki don mutanen da ke kiran firigo firji ba.

Daga Jibiya muka yi Katsina, kowa a mota na jan tasbaha saboda halin da hanya take ciki, Allah kuma ya raka mu lafiya. Katsina ba mu ji baƙunci ba, bakinsu bakinmu ne. Muka wuce Kano, muka nufi kasuwar Dawanau, don dabarata ita ce mu bi ayar da kanta, duk inda ta sauka nan za mu sauka. Na zaci na san aya. A Dawanau na ga aya tsibi-tsibi kamar tudun yashi, har na ji kunyar mangazarmu. Muna zagayawa sai na hangi buhuna masu ɗigon jan fenti a kunne, alamar da Alhaji Mamman ke yi da hannunsa. Ana loda su a wani dogon kamiyo. Na ji kamar na ga ɗan'uwa a bariki.

Direban, Sale Dogo, mutumin kirki ne mai yawan cin goro. Da ya ji labarinmu ya ce gaba ta cika, amma in za mu iya hawa sama bismilla. Haka muka hau kan ayarmu muka zauna kamar masu gadinta.

Ba mu kai Zariya ba na ji ƙaras-ƙaras a bayana. Na waiwaya, Kawu ya huda buhu da ɗan yatsa yana tauna.

Na ce, "Kawu, kayan mutane ne fa."

Ya ce, "Wagga tawa ta. Na gane ta, ta gonata ta yamma ce. Ban ji daɗin kuɗin da anka ba ni ba, ina cike gibi."

Busasshiyar aya kuwa kun san ta, sai an jiƙa. Kawu ya ƙi jiƙawa, wai haƙorin Bagobiri ba ya neman taimakon ruwa. Bayan mun wuce Kaduna na ji ya yi salati da ƙarfi. Ya buɗe tafin hannu, ga aya biyu da turmin haƙori ɗaya. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya naɗe a bakin rawani ya ce ba zai bar wa Najeriya ko haƙori ba. Daga nan har Kudu da gefe guda yake tauna.

Kawu ya saba cewa duk duniya ba ruwa kamar tabkin Madarumfa. Da muka hau gadar Jaba ya leƙa ya ga Kwara, sai ya riƙe igiyar kaya da hannu biyu ya rufe ido. Sai da muka tsallake ya buɗe, ya gyara zama, ya ce, "Faɗi kawai gare shi. Kifinshi ba ya da daɗi." Na ce ya taɓa ci ne? Ya ce daga gani ya sani.

Daga Ilori ƙasa ta sauya. Itatuwa suka haɗe kai, iska ta yi nauyi, ruwan sama ya sauko mana alhali mun baro rani a gida. Muka shige ƙarƙashin tamfol muna zufa kamar ana turara mu. Mata ne ke tuƙa ciniki a ko'ina, su ne masu shago, su ne masu tsawa. Abin da ya fi faranta wa Kawu rai shi ne gaisuwarsu: saurayi ya ga babba sai ya zube rub da ciki a ƙasa. A Ogbomosho, inda Sale Dogo ya tsaya gyaran taya, wani saurayi ya zube yana gaida wani tsoho da ke tsaye bayan Kawu. Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Tashi, tashi, na yafe." Ya juyo gare ni: "Ka gani? Sun san ubangijinsu."

Tsohon da aka gaida ɗin ya zagayo ya ƙura wa zanen Kawu ido. Ashe ya yi zaman Sakkwato yana gyaran keke. Ya fizge hular da ke cikin rawanin Kawu, ya ɗaga murya da wata karyayyar Hausa: "Bagobiri! Bawana ya ɓata, ya dawo gida!" Aka taru ana dariya. Suka yi ta zagin juna kamar za su daku, ƙarshe tsohon ya ja mu rumfar matarsa ya ce bawa ba ya kwana da yunwa a gidan ubangidansa.

Aka kawo amala. Kawu ya dubi baƙin tuwo ya raɗa mini, "Matar ga ta ƙona tuwo, kar ka nuna mata." Na ce haka yake, garin doya ne. Miyar kuwa da na ɗanɗana sai na ji lalo ce, lalon da ke fitowa a bayan ɗakinmu akuya na ci, a nan an ba ta wani suna ana alfahari da ita. Sai dai jar miyar da aka zuba a kai, Allah ya isa. Kawu ya kai loma, barkono ya sami gurbin haƙorin nan. Hawaye suka zubo masa har gemu. Tsohon ya ce, "Yaya, Bagobiri?" Kawu ya share ido ya ce, "Gida nit tuna." Bai bar komai a kwanon ba, don kada a ce Gobir ta gudu.

Bayan Badun ne na fara ganin abin da ya kawo mu. Dama da hagu katangu, manyan rumfunan kwano, bututun hayaƙi, kamiyo na shiga kamiyo na fita. Wannan na yin taliya, wannan sabulu, wannan roba, wannan tayil. Na fara ƙirgawa na gaji na bari. Kawu kuwa ƙasa yake kallo, yana neman inda aka yi tono.

A Shagamu, Sale Dogo ya kai mu Sabo, unguwar Hausawa, gidan wani mai masauki, Alhaji Garba mai goro. Kakansa ne ya zo daga Kano, shi a nan aka haife shi, Hausarsa na da ɗan karin Yarabanci. Ya ba mu ɗaki da tabarma, ya ce mu wanke kayanmu. Muka wanke muka shanya. Washegari suna jiƙe, jibi ma suna jiƙe, har muka baro garin rigar Kawu ba ta bushe ba. A gida kafin ka gama shanya wando riga ta bushe. Na tambayi Alhaji Garba me ya tara kamfanoni a nan. Ya ce, "Wanda ya karya kumallo a nan zai yi azahar a bakin teku, in cunkoso ya yarda. Legas ta cika ta batse, ba wurin aje ƙafa, ga bakuna masu ci ba iyaka. Mu kuma muna da daji a bakin ƙofarta." Kawu ya ce wannan bayani ne na wanda ba a gaya wa sirri ba.

Da safe muka bi kamiyon zuwa kamfanin Hajiya. A ƙofa Kawu ya ce wa mai gadi, "Ka ce mata ubangidanta ya iso." Mai gadi bai ji Hausa ba, amma ya kira a waya. Can sai ga ta ta fito cikin farar riga, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Wa nake gani? Mai fili na uku ko na huɗu?"

Kawu ya ce, "Baiwa ba ta tambayar ubangida."

Ta ce, "Baba, sunanka Bawa. Iyayenka sun gama mini shari'a tun ran suna."

Ban taɓa ganin an rufe wa Kawu baki da magana ɗaya ba sai ran nan. Ta yi mana maraba ta gaske, ta tambayi Alhaji Mamman, ta ce yana nan yana jawabin ko ya gama?

Ta ce kafin magana sai mun ga aiki. Amma ba a shiga haka nan. Aka ba mu farar riga, da takalmin roba, da wata hula mai kama da ragar kamun kifi. Kawu ya ce rawaninsa ba ya sauka a ƙasar Yarabawa. Aka sasanta a kan a ɗora ragar bisa rawanin. Sai wata ma'aikaciya ta nuna gemunsa ta kawo raga ta biyu. Kawu ya ja da baya ya ce gemun nan ya je Makka. Hajiya ta ce ko gashi ɗaya ya faɗa cikin madara, kwalaben ranar duka sun tashi aiki. Haka aka rataya masa ita daga kunne zuwa kunne. To, ga amsarku masu tambaya: da gaske ne. A bakin ƙofa kuma akwai wani ɗan kwarmi mai ruwan magani da ake takawa da takalmi. Kafin in ankara Kawu ya tuɓe nasa ya tsuguna ya fara da wanke hannu, ya zaci alwala ake sakewa.

A ciki ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Aya na gangarowa ana wanke ta, ana markaɗawa, ana tacewa, kwalabe na tafe a jere kamar 'yan lakkol masu shiga aji. Ina kallo sai na ji an ce, "Baba Lawali?" Wani mai raga a kai ya sauke abin da ya rufe bakinsa. Sanusi ne, ɗan Inna Kulu mai ƙosai ta unguwarmu, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya tafi ci-rani ya daɗe bai dawo ba. Shi ne ke kula da injin wanki. Ya rungume ni, ya durƙusa wa Kawu, bai ma yi dariyar gemun ba, Allah ya yi masa albarka.

Ya ɗebo aya a hannu ya ce, "Duk ranar da buhu mai jan fenti ya zo, ni ke kwance shi. Wani lokaci har yashin gida nake samu a ciki." Sannan ya ce, "Baba Lawali, ba mu kaɗai ba ne. Akwai 'yan garin Gabi, akwai 'yan garin Sarkin Yamma. Aya ta taho, mu ma mun biyo ta."

Daga nan na daina jin abin a matsayin yawon buɗe ido.

Muka fita ta bayan ginin. Kawu ya tsaya cak. Ga wasu ƙananan turaku masu launin ɗorawa a jere, sun miƙe har cikin daji, kowane da rubutu. Ya ce, "Wanga fa?"

Hajiya ta ce, "Alama ce, kada a yi tono. Akwai abin da aka binne a ƙasa."

Kawu ya juyo gare ni, idonsa kamar zai faɗo, ragar gemu na rawa. "Lawali! Mi nac ce? Mi nac ce a gindin bedi?"

Ta ce, "Bututun gas ne, Baba. Shi ke juya injin da ke ba mu wuta. Madarar aya ba ta da haƙuri, in sanyi ya yanke mata na ɗan lokaci ta yi tsami, sai zubarwa."

Kawu ya ce ko mene ne sunansa, an dai binne, kuma yana jan masu kuɗi.

A buro ɗinta, wato ofishinta, aka kawo mana madarar da sanyinta. Kawu ya kurɓa ya ce kunun aya ne aka sa wa riga. Ya sha kwalba uku. Ni kuwa na yi tambayar da aka aiko ni da ita: "Hajiya, don Allah, me muka yi miki?"

Ta ce, "Ba ku yi mini komai ba, Malam Lawali, naman ma ya yi daɗi. Amma kuɗin nan ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai na mutane a ciki. Kuɗi kuwa zabuwa ce. Ka taɓa ganin zabuwa ta yi ƙwai inda ake hayaniya? Sai ta sami wurin da ba a taɓa mata gurbi. Kuma inda ɗaya ta sauka nan sauran ke sauka." Ta nuna taga. "Wancan ginin kwalba suke yi. Na bayansa kwali. In injina ya lalace, mai gyara na nan kusa, don ba ni kaɗai yake yi wa ba. Ban zo don ina son su ba, na zo don suna nan. Su ma wani suka tarar."

Na ce, "Filin fa?"

"Mai shi ɗaya, takarda ɗaya, iyaka an kafa dutse. Ba wanda zai zo bayan na yi gini ya ce kakansa ya ɗaure jaki a nan. Da na zo neman takardu, an nuna mini ƙofa ɗaya, da wata ma'aikaciyar hukuma da aka ce ita ce tawa. Na sha zirga-zirga, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na san wa zan kama. Bayan na fara aiki ma ta kira ni ta ce akwai matsala?"

Kawu ya aje kwalba. "Hukuma ta kira ki? Ba don haraji ba?"

"Haraji suna karɓa, har da ƙari, kada ka ɗauka aljanna ce. Ka ga ramukan hanyar da kuka biyo. Akwai masu tare mota su ma. Sai dai yawancin abin da zan biya na san shi tun shekara ba ta fara ba. Ɗan kasuwa na iya zama da tsada, abin da ba ya iya zama da shi shi ne bai san gobe ba."

Na ce to mu shike nan, sai dai mu yi ta loda aya da samari?

Ta ce izin dai ya riga ya zauna, ba ya tashi. Amma rabin wahalarta yashi ne da tsakuwa: tana biyan mota ta ɗauko mata ƙasar Madarumfa tun daga Kano, a zo nan a wanke a zubar. Da za a sami wurin tankaɗe aya da wanke ta da busar da ita tun a gida, da injin hasken rana, da ta saya kai tsaye daga hannunmu, kuma da mutum goma sha wani abu sun sami aiki. "Abu biyu nake so. Fili mai mai shi ɗaya. Da baki ɗaya da zan riƙa magana da shi. Ba na son rago."

Kafin mu tafi Kawu ya kwance buhunsa ya cika shi da jar ƙasar gefen turakun nan, ya ce ko ba komai ta sha iskar abin. Ni na yi dakonsa har gida. A iyaka muka sake faɗawa hannun jami'in nan mai fara'a. Ya ce, "Baba, an samo izinin?" Ya buɗe buhu ya ga ƙasa, ya tona har gwiwar hannu bai sami komai ba. Ya ce shekararsa da yawa a bakin iyaka, ya ga masu fitar da mai da masu fitar da shinkafa, amma yau ya fara ganin wanda ya zo fitar da Najeriya kanta.

Muka iso, aka kira taro. Na faɗi saƙon Hajiya kalma bayan kalma. Kowa ya ce wannan ai mai sauƙi ne. Aka ce to wa zai zama bakin? Hannu shida suka tashi. Aka koma maganar fili, masu hannu huɗun nan suka miƙe, Kawu a gaba, yanzu ma da ƙarin hujja, wai shi ya sha barkono saboda garin nan. Har la'asar ana abu ɗaya. Na sulale na tafi kai wa Inna Kulu saƙon ɗanta: atamfa, da sabulu, da maganar da ya ce in faɗa mata, cewa yana lafiya, kuma ranar da aka sami aikin aya a gida, a ranar zai hau mota.

Tana tsame ƙosai ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Haka ya ce?" Na ce haka ya ce. Ta ce, "Su kuma waɗancan masu taron suna can suna mi?" Na gaya mata. Ta sauke kaskon daga wuta, abin da ban taɓa gani ta yi ba kafin ƙullu ya ƙare, ta yafa mayafi ta ce in wuce gaba.

Inna Kulu na da gona a bakin kwalta, gadon ubanta, an raba a gaban shaidu tun ina yaro. Ba wanda ya taɓa cewa tasa ce, don duk garin nan ba mai son bakinta ya sauka a kansa. Ta ratsa tsakiyar maza ta zauna a kan kujerar Alhaji Mamman, wanda ya tashi tsaye don jawabi. Ta ce, "Lawali, kira mini matar."

Na kira a salula na buɗe murya. Hajiya ta ce, "Wa ke magana?"

"Kulu ce, uwar Sanusi. Ni ad da fili."

"Ke kaɗai, Inna?"

Inna Kulu ta bi taron da kallo ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya buɗe baki, ta tsayar da ido a kansa, sai ya mai da abin tari.

"Ni kaɗai. Kuma ni ce bakin."

Muka ji Hajiya na dariya daga can. Ta ce, "To Alhamdulillahi. Nawa za ki sayar mini?"

Inna Kulu ta ce, "Ki fara aiko mini da ɗana, shi zai riƙe makullin wurin. In na gan shi da idona ya ci tuwo, sai mu zauna maganar kuɗi. Kuma ki taho da shirinki, ɗiyata, don ba kyauta nac ce ba."